Fashon Goma Sha Ɗaya a Cikin Duna

…ko sha biyu ne? A'a. Sha ɗaya. Na ƙarshen ai karen bai cafe ba, ya kuɓuce masa ya gangara bayan randa, ga shi can ma har yanzu, kore shar. 'Ya'yan itace sha ɗaya ke nan a cikin karen. Bakari na zaune a kan katanga, ƙafa ɗaya a gidansu, ɗaya tana reto a gidan Baba Kalibu, ya tattare farar shaddarsa ta Juma'a har gwiwa, yana sake ƙirgawa da yatsu karo na huɗu, kamar in an daɗe ana ƙirga abu raguwa yake yi.

A ƙasa, Duna. Baƙin karen Baba Kalibu, wanda haushinsa kaɗai ya sa masu yanke wuta suka manta da layin nan. Yana kwance ta gefe guda a gindin katanga, harshe a waje, miyau na tsiyaya har ya jiƙa ƙasa. Numfashin nan… haka kare yake yi dama? Da sauri haka? Zafi ne. Wa ba ya haki a Mubi da azahar? Shi ma ai ga gumi na bin bayansa. Zafi ne kawai. To me ya sa bai ɗaga kai ba da mai ruwa ya buga ƙofar maƙwabta? Duna, da ko kaza ta yi tari a layin baya sai ya miƙe…

Kuma ba kare ba ne irin na kowa, matsalar ke nan. Shekara uku ke nan da ciwon suga ya cinye wa Baba ido. Tun daga lokacin Duna ke tafiya manne da gwiwarsa — zuwa wajen mai shayi, zuwa coci, zuwa benci a gindin dalbejiya. In an zo bakin kwata ya tsaya cak, Baba ma ya tsaya. Ba wanda ya koya masa. In babu Duna, Baba da ɗaki ne, sai dai a kama hannunsa a kai shi bayan gida kamar yaro, shi da ya yi shekara talatin yana noma a Vimtim ba wanda ya taɓa riƙe masa fartanya.

Direba ne ya jawo komai. Eh, direban nan. Da ya yarda a sa kare a mota zuwa Michika, bikin Miracle, 'yar autar Baba, da duk wannan bai… Amma ya ƙi. Sai Baba ya zauna a benci yana tambaya, wa zan bar wa Duna zuwa Lahadi? Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Shi kuwa bakin nan, bakin nan da ba ya iya ganin shiru ya ƙyale shi:

"Kare? Baba, ni da na taɓa riƙe kura ta kunne a bayan dutsen Vimtim har ta ba ni haƙuri?"

Ya ƙifta ido. Ya ƙifta sosai, har da karkata baki. Kowa a bencin ya ga ƙiftawar, ban da mutum ɗaya.

"To madalla, ɗana. Ga makullin. Idona ne na bar maka."

Makullin na aljihu. Yana jin sanyinsa a cinya. Kwana uku bai taɓa sa shi a ƙofa ba, don gaskiyar magana — wadda daga shi sai Allah — Bakari bai taɓa taɓa kare ba tun da aka haife shi. Ko na jarirai, masu ido a rufe. In ya hango kare a hanya waya yake cirowa ya tsallaka titi kamar an kira shi. To amma ƙwaƙwalwa ce da shi, wannan ko maƙiyi ya sani. Guga da igiya: a zuba tuwo da romon kai a guga, a zura ta kan katanga, Duna ya cinye, a janye. Ruwa ma haka. Injiniyoyi nawa ne a garin nan za su yi wannan tunanin? Da digirinsu da komai?

Miyau. Ya ƙaru ko idonsa ne?

Fashon furut. Sunan ma na 'yan gayu. Maman Miracle ce ta kawo irin daga wajen ƙanwarta ta dasa a gindin katangar nan, abin ya hau kamar soso, ya lulluɓe ta, ya zubo 'ya'ya ta ɓangare biyu. Kamar ƙwan agwagwa, ɓawo mai tauri, in ka fasa sai yauƙi da baƙaƙen 'ya'ya, ga tsami ga zaƙi. "Wanda ya yi rawaya ya faɗi da kansa, ka sha, Bakari. Kore kam ka bar shi, bai kai ba." Iyakar abin da ta ce ke nan tana ɗaura ɗankwali. Ta ce kar a ba kare? Ba ta ce ba. Wallahi ba ta ce ba. Da akwai haɗari ai da ta faɗa… to wace mace ce za ta zauna ta yi tunanin ƙato ɗan shekara ashirin da shida zai hau katanga yana jifan karenta da—

Ba jifa ba ne. Horo ne.

Jiya abin ya fara. Yana tsinka, ɗaya ya suɓuce, kafin ya kai ƙasa Duna ya yi sama, kaf, ya cafe, ya tauna sau ɗaya ya haɗiye. Ɗaya tal, nunanne, ya kwana lafiya lau. To wa zai ga baiwa irin wannan ya yi shiru? Da safen nan ya kira Mahmoud da Vandi, abokansa na majalisa, ya ce su zo su ga golan da ya horar cikin kwana biyu, golan da ya fi na kulob ɗinsu. Suka hau katanga su ma. Hagu — kaf. Dama — kaf. Sama, ta bayan kai — kaf. Vandi har ya kusa faɗowa don dariya. Nunannun suka ƙare. Dariya ba ta ƙare ba. Hannu ya ci gaba da tsinka, hannu ai ba ya tambayar launi…

Yanzu su sun tafi. Mahmoud ya wuce masallaci, Vandi ya koma shagon walda. Su dariya suka zo ɗauka, sun ɗauka.

Waya. Ya riga ya tambayi waya sau uku, ya sake. Turancin nan kuwa, ƙanana-ƙanana, kamar tururuwa. Yana bi da yatsa, yana motsa leɓe. Da ya tsaya ya gama makaranta… ai ba laifinsa ba ne, ƙarara mai ƙaiƙayi ce kawai ya barbaɗa a kujerar shugaban makaranta, mutumin ya yi rawa a gaban asambili rawar da har gobe ake labarinta, tarihi ne, wa ya taɓa kafa irinsa? Aji huɗu na sakandare, sai ga shi a bakin get da jakarsa. Wataƙila a aji biyar ake koyar da abin da kare ke ci.

Shafi na farko: eh, kare na iya sha, har da amfani, akwai sinadaran gina jiki. Alhamdulillahi. Ka gani? Gina jiki ma ya yi masa. Baba zai dawo ya tarar da kare yana sheƙi, ya shafa ya ce, Bakari me ka ba shi haka — shafi na biyu: kada a kuskura. Guba. Wannan kalmar kam ya san ta, a jikin kwalbar maganin feshi ake rubuta ta. To ku daidaita mana. Waya ɗaya, baki biyu? Shafi na uku ne mai dogon bayani, shi ne kuma ya fi tsoratarwa don ba ya ihu, a hankali yake magana kamar likita: ruwan cikin nunanne, kaɗan, ba komai. Amma 'ya'yan, da ɓawon, da ɗanyen — musamman ɗanyen — akwai wani abu a ciki da ke juyewa ya zama guba a cikin ciki. Ɓawon kuma na iya toshe hanji.

A cire 'ya'yan wai. Abin da duk cikinsa 'ya'ya ne? Wa zai zauna da tsinke yana yi wa kare tsintar…

Musamman ɗanyen.

Nawa ne kore? Huɗu. Uku. Nunannun da ya tara a hula sun kai bakwai, ya tabbata, to in an cire bakwai daga sha ɗaya… amma shi ma ya sha biyu daga cikin hular, Vandi ya sha ɗaya. Bakwai ban da uku, huɗu. Huɗu nunannu. Ke nan korayen — a'a. A'a, an yi kuskure a lissafin nan. Shi dama lissafi bai taɓa zama abokinsa ba.

Bidiyo. Mahmoud ya ɗauka, ya turo masa. Ya danna.

Muryar shi kansa ce ta fito, garau, irin ta masu sharhin ƙwallo a rediyo: "Jama'a ga shi nan, ɗan wasa Bakari, wanda Turai ke nema ruwa a jallo, zai buga, zai buga…" Ya rage sauti. Ya kashe shi gaba ɗaya. Wannan wane ne mai buɗe baki haka, haƙora duk a waje? Launi kawai yake nema. Rawaya. Kore. Kore. Wannan fa? Rana ta haske shi, ba a gani. Kore. Kore. Bidiyon ma daga tsakiya ya fara, na farkon ba su ciki. Kuma ga Duna a ciki, lafiyayye, wutsiya na kaɗawa kamar fanka, bayan kowace cafka sai ya ɗago ya kalli saman katanga, a ƙara. Ba ɗanɗanon yake so ba, wane kare ne ke son tsami? Kwana uku ba wanda ya yi masa magana, ba gwiwar da zai jingina. Sai ga wani a kan katanga yana kiran sunansa.

In Mahmoud ya ɗora bidiyon nan a waya kowa ya gani fa? Miracle na da lambarsa. Amarya, da lalle a hannu, ta danna, ta ce Mama zo ki ga… ita kuma ta faɗa wa Baba abin da ke ciki, don shi sai an faɗa masa. Da baki za a ba shi labarin. Ɗaya bayan ɗaya. Kore, Baba. Kore kuma.

Duna ya yunƙura. Ƙafafun gaba sun miƙe, na baya sun ƙi. Bayansa ya lanƙwashe, cikin na matsawa, na matsawa — amai. Kumfa rawaya, da baƙaƙen 'ya'ya, da ɓawo guda biyu, ɗaya kusan ɗungurungum. Ya koma ya kwanta, ba a inda ya tashi ba, kusa da aman, ko matsawa bai yi ba.

To wannan alheri ne ko? Ya fito ai. Biyu sun fito, saura tara. In ya yi haka sau biyar… Ko kuwa alamar ce, wadda shafi na uku ya lissafa: miyau, haki, amai, sai me? Akwai na huɗu da na biyar, bai karanta ba, ya ɗauke ido da gangan.

Manja. In yaro ya sha kananzir manja ake ɗura masa, kowa ya sani. Ko madara. Ko gawayi a daka. Akwai manja a kicin ɗin Dada, mahaifiyarsa, rabin kwalba, a zuba a guga a zura — kare da ya kasa ɗaga kai ne zai zo ya sha manja a guga? Sai dai a buɗe bakin a ɗura. A buɗe bakin. Da hannu. Haƙoran nan da ya gani suna fasa ƙashin saniya kamar rake.

Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Layin ya yi tsit, ba keke, ba mashin, kowa ya tafi. Da alwalarsa, da turarensa, da hularsa — hular ma ga ta can ƙasa, ta jiƙe da ruwan fashon. In ya sauka yanzu ta ɓangaren gidansu ya yi sauri zai sami sahu. Ya yi sallah, ya yi addu'a, ya dawo ya tarar an tashi ana kaɗa wutsiya. Ko ya dawo ya tarar… sai ya ce ai yana masallaci abin ya faru. Maciji. Akwai macizai a bayan layin nan, kowa shaida ne. Ko wani mugun ya jefo guba ta katanga, ɓarayi na yin haka kafin su shigo. Labarin ma har ya fara tsaruwa da kansa, da kai da ƙafa, har da inda zai yi shiru ya girgiza kai. Ya iya. Duk Mubi ba wanda ya kai shi.

Baba zai yarda kuwa. Abin da ya fi komai muni ke nan. Zai yarda, ya ce sannu ɗana, ka yi ƙoƙari.

Anti Rachael. Mai shagon maganin dabbobi ta hanyar kasuwar shanu, wadda makiyaya ke kira likita. Lambarta na nan — tana nan ne don bara ya kira ta da muryar wani Alhaji, ya ce raƙuminsa na shaƙuwa kwana uku, ta zo da kayan aiki har bakin tasha tana tambayar gidan mai raƙumi. Sati biyu ana dariyar a majalisa.

Tana ringin. Kar ta ɗauka. Ta ɗauka, don Allah.

"Bakari, in raƙumin ne, ka ce ina gaishe shi."

Ya faɗa. Ba ado, ba gishiri, shi kansa bai gane muryar ba. Yana jin kukan shanu a bayanta.

"Ɗanye? Da ɓawo? Nawa… Kai, Bakari. Ina Sorau, rigakafi muke yi, ko yanzu na taso sai na yi awa biyu. Kar ka ba shi manja, kar ka ɗura masa komai, zai shaƙe. Ka je kusa da shi. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ka danna cikin a hankali. Zan kira ka."

Ka je kusa da shi. Kamar ta ce miƙo min gishiri.

Ta ƙofa ko ta nan? Ta ƙofa sai ya zagaya, kuma ƙafar da ta sauka a gidansu ba lallai ta yarda ta fito ba, ya san halinta. Ta nan. Katangar ba ta da tsawo, yara ma na dirowa. Dada na cewa kar ka bari ya lashe ka, kar ya shinshina maka riga, in ya sa baki a kwano sai wanki bakwai… Dada na gidan suna. Ba mai gani. Wannan ne karo na farko da zai yi abin a-zo-a-gani ba kowa a wurin.

Ya diro. Shaddar ta kama reshe, ta yage daga aljihu zuwa ƙasa. Idon Duna ya juyo — idon kawai. Taku uku ne tsakaninsu. Ya ɗaga ƙafa. Ɗaya. Duna, ni ne, golan duniya, ni ne mai guga… Biyu. Warin aman, tsami-tsami. Ya durƙusa, gwiwar farar shadda a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hannun ya tsaya a iska, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ba kurar da ya taɓa riƙewa. Ko kusa da dutsen bai taɓa zuwa ba.

Ɗumi. Gashin ba kaushi kamar yadda ya zata, laushi ne, a bayan kunne ma kamar auduga. Wutsiyar ta bugi ƙasa sau ɗaya. Kar ka yi min haka. Da cizon ka yi da ya fi.

Leɓen. Yatsa biyu, a hankali, miyau na bin hannunsa har agogo. Ga haƙoran, ga dasashi. Ja ne. Ja… irin wane? Akwai baƙi-baƙi a wani wurin, dama haka yake ko yanzu ya zama? Cikin kuma — ya danna. Duna ya yi wani ƙaramin sauti. Tauri. Da ɗan tauri. Ya danna nasa cikin da ɗaya hannun don ya gwada, shi nasa ba komai a ciki sai tsoro. Akwai abu na bugawa a ƙarƙashin haƙarƙari, da sauri, da sauri, to zuciyar kare da yaya take tafiya?

Waya.

"Yaya dasashin? Ya fi na kullum ja? Cikin ya fi na kullum tauri, ko ya kumbura?"

Na kullum.

Shekara uku suna katanga ɗaya. Kwana uku yana hannunsa. Ya san tsallensa na hagu ya fi na dama, ya san yadda yake cafe abu ta bayan kai. Na kullum…

"Anti, ban sani ba."

"To wa ya sani? Ka kira mai shi. Baba da hannu yake ganin karen nan, zai faɗa maka yadda cikinsa yake, da abin da ya taɓa ci ya dame shi. Ga ni nan na taso. Kar ka bar wurinsa."

Ya zauna dirshan. A masallaci an tayar da sallah, yana jin kabbarar farko ta ratso rufin kwano. Kan Duna ya sami cinyarsa, shi ya ɗora ko karen ne ya matso, bai sani ba. Nauyi gare shi. Shaddar ta gama yawo.

Lambar Maman Miracle. Yatsan ya danna kafin kan ya gama shawara. Ringin ɗaya… maciji. Biyu… ɓarayi. Uku… ko ya ce gaisuwa ce kawai, yaya hidima, yaya baƙi — an ɗauka. Hayaniya, luguden turmi, matan zumunta na gwajin waƙar gobe, wata na dariya. "A'a, Bakari ne. Baba, ga ɗanka, riƙe nan, a kunne." Ƙarar waya na sauya hannu. Numfashin tsoho.

"Bakari, ɗana. Ka kyauta da ka kira, tun safe Duna yake a raina. Yana kusa? Sa masa wayar a kunne ya ji ni."

Bakin a buɗe yake. Bakin nan da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ko a gaban shugaban makaranta, ko a gaban 'yan sanda. Ya laluba inda labaran suke zama, wayam. Gaskiyar kaɗai ta rage, ɗungurungum. Kunnen Duna ya motsa, ya ji muryar, yana ƙoƙarin ɗaga kai, ya kasa, yana sake gwadawa…

"Bakari? Kana ji na?"

Ƙarƙashin tafinsa cikin na hawa, na sauka. Na hawa.

"Baba… in ka danna cikinsa… da, kullum… yaya kake jin sa?"

Turmin can ya ci gaba. Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa: "Me ya ci, ɗana?"